Rabin Gwiwar Mok Piah

A ƙauyenmu da ke bakin kogin Golok, idan mace ta cika, kafin labari ya kai kunnen liman an riga an aika wa Mok Piah. Ita ce mai wankan gawa, Mok kuwa a bakinmu kamar a ce Inna ne. Wajen kakarta ta koya, tun tana amarya take yi, ga shi yau babu baƙin gashi ko ɗaya a kanta. Gajeriya ce ƙwarai, ƙafafunta sun ɗan buɗe waje kamar na yawancin tsofaffinmu da suka ƙarar da ƙuruciya a sunkuye cikin fadamar shinkafa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta gani a jikin mamaciya ba, ko tabon duka ne ko mene ne, shi ya sa mata suke sakin jiki da ita tun suna raye.

Mu ba ma kwantar da mamaciya a ƙasa. 'Yan uwanta mata ne ke zama a jere a daɓen katako na bayan gida, su miƙe ƙafafu, a ɗora ta a kan ƙwaurinsu. Mok Piah kuma tana bin ta a durƙushe daga kai zuwa sawu da kwanon ruwan magarya, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. "Yi haƙuri, zan juya ki." "Saura kaɗan." Ruwan yana bi ta tsakanin katakai ya zuba ƙarƙashin gida.

Sai kwamitin masallaci ya sayo wani dogon tire na ƙarfe mai tayoyi, wai zamani ya zo, kuma 'yan mata ba sa son jiƙa zannuwansu. Ranar da aka kawo shi Mek Lijah ta je ta gani da idonta, daga can ta zarce gidan Mok Piah tana haki.

Mek Lijah aminiyarta ce tun zuwansu ƙauyen a shekara guda. Daga ƙetaren kogi aka auro ta, mijin ya mutu bai bar mata ɗa ba, danginta kuma sun watse. Kifi take sayarwa a kasuwa, mace ce ƙatuwa mai baki, wadda ba ta iya raɗa ba.

"Piah, kin ga abin da suka sayo?" ta ce tun tana kan matakala. "Wallahi irin na rumfata ne sak, har da ramin da ruwan ƙarni ke fita. Saura su zuba min ƙanƙara su ɗora farashi."

"Ke wannan bakin naki ko ƙanƙara ba ta sanyaya shi."

"Ba wasa nake ba. Ba ni da 'ya, ba ni da ƙanwa. In na riga ki, a ƙafarki za a wanke ni."

"Wannan uban jikin? So kike ki karya ni?"

"Ki karye mana, ina ruwana, na mutu. Yi min alkawari."

Mok Piah ta yi dariya har da hawaye, amma ta yi alkawarin, kuma ba ita ba ce mai faɗin magana ta zubar.

A lokacin gwiwarta ta dama ta fara ba ta wahala. Ta sha man zafi, ta sha matsa, ta sha ganye, har ta kai idan ta durƙusa sai an kama ta ta miƙe. 'Yarta Rosnani, malamar firamare, ta ɗauke ta a mota zuwa babban asibiti a birni. Can suka haɗu da Likita Kamarul, matashi mai fara'a da ladabi, wanda ya duƙa ya cire mata takalmi da hannunsa. Ya nuna mata hoton ƙashi, ya ce gefen ciki kaɗai ne ya cinye, gefen waje lafiyarsa ƙalau. Don haka ba sai an cire gwiwar duka ba. Rabi za a gyara: a yanke saman ƙashin ƙwauri kaɗan, a ɗora ɗan farantin ƙarfe, a lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya da wani ƙarfen, a sa 'yar roba a tsakani.

"Zan iya zama a ƙasa, ɗan nan?" ta tambaya.

"Har zaman tahiya za ki yi, Mok. Amfanin rabin ke nan."

Ta so ta gaya masa ba tahiya kaɗai ba ce, akwai wata ƙatuwar mai kifi da za a ɗora mata wata rana. Amma wa zai kawo zancen gawa a gaban likitan da ke shirin yanka shi? Ta haɗiye maganar.

Akwai wata kalma tamu, segan, kuma ni dai na gaji da ita. Kunya ce haɗe da kara. Ita ce ke hana ka ƙara shinkafa a gidan mutane kana jin yunwa, ta hana ka gaya wa babba cewa ya taka maka ƙafa. Da ita aka yi mana tarbiyya, muna alfahari da ita, kuma ban ce ba ta da kyau a wajen biki ba. Amma ita ce ta shiga ɗakin tiyata tare da Mok Piah, ba wanda ya tare ta a bakin ƙofa.

Aikin rabin gwiwa ba da ido ake yin sa ba. Akwai wani dogon ƙarfen awo da ake maƙalawa a idon sawu, ya bi ƙwauri ya hau har gwiwa, a samansa akwai 'yar tsaga. Ta cikin tsagar nan zarto ke bi. In ƙarfen ya tsaya daidai, yankan ya fita daidai, faranti ya zauna a shimfiɗe. In ya karkace ko da kaurin farce ne, haka farantin zai zauna a karkace, a kansa kuma mutum zai taka har ƙarshen ransa. Kayan nan ba na asibiti ba ne, kamfanin da ke sayar da ƙarafan gwiwar ne ke aiko su a akwati ranar aiki. Suna da sabon akwati mai kyau, amma a makon nan an tura shi wani asibitin kuɗi a babban birnin ƙasa, inda gwiwoyi suke da daraja. Tsohon aka turo mana. Notin da ke riƙe tsagar ya saki, kuma ƙaramin faranti, wanda ya dace da ƙashin mace irin Mok Piah, ba ya ciki. Dama kayan don dogayen mutanen wata ƙasa aka fara ƙera su, namu ƙananan sai an tuna ake sakawa.

Nas ɗin da ta jera kayan a ranar Suriati ce, 'yar ƙanen marigayi mijin Mok Piah. Tana ɗaga ƙarfen ta ji yana girgiɗi. Ta kalli wakilin kamfani, shi kuma ya sunkuyar da kai yana latsa waya, segan ta hana shi cewa ya kawo abin da bai cika ba. Ita ma segan ta kama ta, ƙaramar nas ce, yaya za ta yi wa likita gyara a gaban mutane? Likita Kamarul bai lura ba sai da ya riga ya buɗe gwiwar ya maƙala ƙarfen. Nan ya ji yana girgiɗi. Babban likitansu yana ɗaki na gaba, zai iya aikawa a kira shi, amma segan ta hana, kada a ce bai iya aiki ba. Zai iya ɗinkewa ya ce a dawo wata rana, amma ya ji nauyin tsohuwar da ta daɗe tana jiran layi, ta kwana da yunwa. Ya ce, "Za a iya." Ya sa Suriati ta danne ƙarfen da hannu, ya kunna zarto.

Mutum uku masu hankali, kowa ya ga abin, kowa ya yi gum da baki don ladabi. Ita kuwa tana kwance bayan labule, allurar baya ta kashe mata ƙafafu, tana jin ƙarar zarto tana yi wa yaron addu'a Allah Ya yi wa hannunsa albarka.

Ciwon bayan aiki kowa ya san da shi, ta jure. Amma damina ta zo ta wuce, nata bai tafi ba. A gefen ciki yake, kamar an cusa mata tsinken kwakwa, kuma ƙafar ta ƙi miƙewa sosai, ta ƙi lanƙwasawa sosai. A kan kujerar roba take sallah. Aka yi rasuwa a unguwar gabas, a karon farko aka wanke mace a ƙauyen nan ba da hannunta ba. Duk da haka, duk ranar ganin likita, idan Kamarul ya duƙa ya ce, "Mok, yaya gwiwar?" sai ta yi murmushi ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan." Shi kuma sai ya yi wuf ya karɓi amsar, bai taɓa cewa ta tashi ta taka ya gani ba.

"Mok, wane irin da sauƙi?" Rosnani ta ce a mota, ranta a ɓace. "Jiya fa a bakin rijiya na same ki kina kuka."

"Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Kin ga yadda yake cire min takalmi? In ce masa aikinsa bai yi ba, da wane ido zan kalle shi?"

"Da idon da kike kallon sandarki!"

"Ja motarki, Nani. Ba a yi wa uwa tsawa a titi."

Rosnani ce ta gaji ta kai ta wajen wani likitan ƙashi, dattijo, Likita Teoh. Ya ɗauki sabon hoto ya manna a jikin fitila, ya daɗe yana kallo. Ya nuna musu da bakin biro. Farantin ya zauna a karkace, ya kuma fi ƙashin faɗi, bakinsa ya leƙo waje yana goga wata jijiya duk takun da ta yi. Ƙashin da ke ƙarƙashin gefen da ya fi ɗaukar nauyi har ya fara lotsawa.

"Wa ya yi aikin?" ya tambaya. Da Rosnani ta faɗi sunan sai ya gyara tabarau, ya ce, "To, irin wannan yakan faru." Ashe shi ma yana da tasa segan ɗin, ba ya taɓa abokin sana'a. Ya ce gyara ɗaya ne, a cire komai a sa cikakkiyar gwiwa, kuma bayan wannan zaman ƙasa sai dai in Allah Ya yi. Kafin nan kada ta durƙusa, kada ta ɗora wa ƙafar nauyi, don robar tsakiya tana iya zamewa. Sannan ya juyo ya ce, "Da kin yi magana da wuri, Mok, da ƙashin bai kai haka ba."

Ku ji fa. Kamfani ya aiko kaya maras kyau, wakilinsa ya yi shiru, nas ta yi shiru, likita ya yanka a karkace, amma da aka zo rabon laifi tsohuwar da aka yanka ce aka fara miƙa wa nata kason. Kuma ta karɓa. Ta ce, "Gaskiya ne, Likita, a yi haƙuri."

Da labarin hoton ya zaga dangi, Suriati ta zo gidan da rana tsaka, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, ta faɗi duk abin da ya faru tana kuka, har yadda ƙarfen ya motsa a ƙarƙashin hannunta. Rosnani ta miƙe za ta ɗauko mayafi, ta ce yau sai shugaban asibiti ya ji. Mok Piah ta riƙe mata zane.

"Zauna. So kike a kori yarinyar nan? So kike yaron can ya shiga uku yana da ƙananan 'ya'ya? Maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Haka aka binne maganar. Aka sa sunan Mok Piah a layin sabon aiki, layin da ba a ganin ƙarshensa.

Ana cikin jira ciwon suga ya kwantar da Mek Lijah. Ƙafafunta suka kumbura, aka rufe rumfar kifi. Kullum da hantsi Mok Piah takan dogara sanda ta je, maƙwabta su kama ta ta hau matakala, ta zauna a bakin gado tana ba ta kunun shinkafa da ɗan budu, romon kifin nan namu mai gishiri, a kai, don Lijah ta ce abinci ba gishiri na marasa zuciya ne.

"Ina ƙafata?" Lijah takan tambaya. Haka take kiranta tun ranar alkawari.

"Tana nan tana jiran ki."

"Na ji an ce rabi aka gyara. Ni dama na san ki da rowa, ko gwiwa sai kin sayi rabi."

"Ke dai rage cin budu, ki rage nauyi, kar ki murƙushe ni."

"Piah," ta ce, muryarta ta sauka, abin da ba a saba ji ba. "In ba za ki iya ba ki faɗa min yanzu, in san abin da nake ciki."

Nan ne ya kamata ta faɗi gaskiya, a nemi wasu matan tun da sauran lokaci. Amma ta kalli fuskar aminiyarta ta ce, "Zan iya mana."

Lijah ta cika wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya fara tumbatsa. Liman ya ce a yi sauri kafin hanyar maƙabarta ta shafe. Matan unguwa suka taru a bayan gidan, matar liman ta ce an turo tiren masallaci yana ƙarƙashin gida.

"A mayar da shi," in ji Mok Piah. "A ƙafata za a yi. Nani, ke da Suriati ku zauna gefena ku ɗauki ƙugu da sawu. Kai da kafaɗa nawa ne."

"Mok, likita fa ya ce..."

"Likita ya san Lijah ne? Ku kama ni."

Suka kama ta ta hammata suna sauke ta a hankali. Ta kai rabin hanya, ƙafar hagu ta lanƙwashe yadda ya kamata, ta dama ta ƙi. Ta cije leɓe ta tilasta mata. Sai aka ji wani ƙas, ƙarami, kamar an karya busasshen kara. Matar da ta shekara tana cewa da sauƙi ta ƙwalla ƙarar da aka jiyo har masallaci. Robar ta zame. Gwiwar ta maƙale a tsakiya, ba ta miƙe ba, ba ta naɗe ba, ko zane ya taɓa ta sai ta zabura. Duk da haka tana cewa, "Ku ɗora ta, ku ɗora ta haka nan." Ba wadda ta yarda. Rosnani da Suriati ba su taɓa ɗaukar gawa ba, sauran matan kuwa ba danginta ba ne, kowa ta kawar da kai. Ruwa yana ƙaruwa, maza suna gyaran murya a waje.

A kan tire aka wanke Mek Lijah. Aka ɗaga Mok Piah aka zaunar da ita a kujera dab da kan gawar. Ta tura hannunta ƙarƙashin ƙeyar don kada kan ya taɓa ƙarfe, ta bar shi a nan har aka gama, zufa tana keto mata don azaba. Ruwan magarya yana sauka a kan tiren yana ƙara, yana gangarawa ta ramin nan, irin ƙarar da duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar kifi ya sani. Wannan karon ba ta ce "saura kaɗan" ba. Abu ɗaya take maimaitawa a kunnen aminiyarta, "Yi haƙuri, Lijah. Yi haƙuri."

Ba ta ga fitar gawar ba. Suna ɗaukar makara Rosnani ta sa aka ɗauke ta zuwa mota. A asibiti suka tarar Likita Kamarul ne ke aiki a ranar. Ya zo da saurinsa, ya ga ko wace ce, ya ɗan ja baya, sannan ya duƙa kamar yadda ya saba zai cire mata takalmi.

"Mok, yaya gwiwar?"

Rosnani ta kawar da kai, ta riga ta san amsar. Mok Piah ta kalli yaron. Ya rame, idanunsa sun faɗa, ga ladabin nan yana nan. Ta ji segan tana taso mata kamar yadda ta saba, murmushin ma har ya fara zuwa. Sai ta janye ƙafarta daga hannunsa, ta kama bakin zanenta da har yanzu yake jiƙe da ruwan magarya, ta yaye shi har saman gwiwa a gaban maza da matan da ke ɗakin.

"A kan ƙarfe muka wanke Lijah," ta ce.

"Wace ce Lijah, Mok?"

"Mai ƙafar ce. Tata ce ka yanka, ajiya ce a wurina." Ba ta sauke muryarta ba. "Ciwo take yi, ɗan nan. Tun ranar farko take ciwo, kuma ka sani. Kira min babbanku, ina da magana."